KA SAN ƘASAR WURINKA KAFIN KA HAƘA
Darasi a kan gini da salga da garka a jahar Agadas



Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙasa yake, wato wadda muke takawa, muke gina ɗaki da ita, muke shuka a cikinta. Abin da ya jawo shi tambaya ce da wani ɗalibi ya yi mini a wajen rangadi, a wani ajin yaƙi da jahilci da ke bakin ƙoramar Telwa. Ya ce shi da ƙanensa mutum ɗaya ne ya haƙa musu salga, zurfi ɗaya, faɗi ɗaya. Tasa ta rufta tun ruwan farko. Ta ƙanen, da yake zaune a yammacin gari, tana nan tsaye, amma ta cika da ruwa cikin wata bakwai, wari ya hana kowa zama a tsakar gida. Ya ce, "Malam, mai haƙar ne ya cuce mu, ko kuwa?"

Na ce masa mai haƙa bai cuci kowa ba. Shi a kan yashi yake zaune, ƙanensa a kan laka. Abin da yashi yake so daban, abin da laka take so daban. Wanda ya yi musu aiki iri ɗaya, dole ɗaya ya ba shi kunya, wani lokaci ma duka biyun.

IRE-IREN ƘASAR JAHARMU

Duk ƙasar da ka ɗiba a hannu gaurayen abu uku ce: yashi, da lallausar ƙasa, da laka. Yashi yana da manyan ƙwayoyi, ido yana ganinsu, ruwa yana ratsa su nan da nan. Lallausar ƙasa ita ce mai laushi kamar garin alkama, wadda ruwan ƙorama yake bari idan ya janye. Laka kuwa ƙwayoyinta sun fi ƙarfin ido. Idan ta jiƙa sai ta kumbura ta yi danƙo. Idan ta bushe sai ta tsuke ta tsattsage. Wanda ya fi yawa cikin ukun nan shi ne yake ba ƙasa halinta.

Jaharmu tana da faɗi ƙwarai, kuma kowane sashe da irin tasa. A arewa da gabashin birnin Agadas akwai duwatsun Abzin. Can ƙasar noma kaɗan ce, tana kwance a gefen ƙoramu, kamar a Dabaga da Tabelot da Timiya da Iferwan, sai kuma a kan dutsen Bagazam. Ruwa ne ya wanko ta daga duwatsu shekara da shekaru ya jibge. Ƙarƙashinta akwai yashi da tsakuwa masu riƙe da ruwan rijiyoyi, ƙarƙashinsu kuma dutse.

A yamma, wajen Ingal da Tigiddan Tesum, akwai filin Igazar. Laka ce shimfiɗe iyakar ganinka. Da rani ta yi tauri ta dare, da damina ta kama ƙafar raƙumi da ta mota. A wurare da yawa tana da gishiri da kanwa. Don haka ne makiyaya suke kai dabbobinsu can a ƙarshen damina, kuma daga wannan ƙasar ce mutanen Tigidda suke tace gishiri. Abzinawa suna kiran laka da suna "talak", har akwai wani babban fili a yammacin duwatsu mai wannan suna.

A gabas sai rairayin Tenere, har zuwa Fashi da Bilma inda gishiri ya yi yawa har da shi ake gini.

Birnin Agadas shi kansa yana zaune ne a mahaɗar waɗannan. Unguwa ɗaya yashi, wata laka, wata tsakuwa da dutse kusa. Har a fili ɗaya ma, ka haƙa kamu biyu ka ga ƙasa ta sake launi. Saboda haka kada ka ce, "Maƙwabcina haka ya yi." Ka gwada taka.

GWAJI DA HANNU DA KWALBA

Gwajin ba ya cin kuɗi. Ka haƙa rami zurfin kamu ɗaya ko biyu, ka bar ta sama, ka ɗebo ta ƙasa. Ka yayyafa mata ruwa kaɗan, ka dunƙule ta a tafin hannu. Idan ta ƙi dunƙuluwa ta warwatse, yashi ne ya yi yawa. Idan ta dunƙulu, sai ka murza ta kamar za ka yi igiya. Wadda ta karye tun ba ta kai tsawon yatsa ba, laka kaɗan ce a cikinta. Wadda ta yi tsawo har ka lanƙwasa ta kamar zobe ba ta karye ba, wannan laka ce sosai.

Gwaji na biyu ya fi nuna gaskiya. Ka sami kwalba fara mai faɗin baki. Ka zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku na kwalbar. Ka cika da ruwa, ka sa ɗan gishiri, ka rufe, ka girgiza sosai, ka ajiye inda yara ba za su taɓa ba. Cikin minti ɗaya yashi zai kwanta a gindi. Bayan awa ɗaya ko biyu lallausar ƙasa za ta kwanta a kansa. Laka ita ce ta ƙarshe, sai ta kwana ta wuni. Gobe ka zo ka ga hawa uku a jere. Ka auna kaurin kowanne da tsinke, ko da abin awo na ɗanka mai zuwa makaranta. Ka rubuta a littafinka, tun da yanzu ka iya.

GINI

Duk wanda ya shigo Agadas, abin da ya fara gani shi ne hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27. An gina ta wajen shekarar 1515, aka sake gina ta a 1844, kuma da ƙasa aka yi ta, da itatuwan goriba da aka soke a jikinta. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya. Mai cewa ginin ƙasa na talaka ne, ba ya daɗewa, ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar nan. Gindinta fāɗi, samanta tsukakke, kuma ba a bar ta ba yaɓe ba. Maginan da sun san inda ake ɗibar ƙasar gini da inda ba a ɗiba.

Ƙasar tubali mai kyau ita ce wadda, in an raba ta goma, laka ta ɗauki kashi biyu ko uku, sauran yashi da lallausar ƙasa. Laka ita ce mai haɗa su. In ta yi kaɗan, tubali zai riƙa zuba kamar gari. In ta yi yawa, zai tsattsage tun yana wurin shanya. Maganin na farko a ƙara laka. Maganin na biyu a ƙara yashi da yankakkiyar ciyawa ko kashin jaki. Kafin ka buga dubu, ka buga uku uku da haɗi daban daban. Ka bar su su bushe sarai. Ka sako kowanne daga daidai ƙugunka. Wanda ya faɗi bai farfashe ba, sai dai gefensa ya ɗan ɓantare, haɗinsa za ka bi. A kuma bar kwaɓin ya kwana biyu ko uku yana tsima. Magini mai gaggawa shi ne yake kwaɓawa da safe ya buga da hantsi.

Wannan game da ƙasar da za a yi gini da ita ke nan. Akwai kuma ƙasar da za a yi gini a kanta, kuma a nan ne aka fi yin hasara.

Ni kaina na sha wannan darasi da tsada. Shekarun baya na sayi fili a gefen gari, cikin rani. Ƙasa ta yi tauri har diga tana tsalle. Na ce na dace, ga ƙasa kamar dutse. Muka haƙa tushe bai fi taƙi ɗaya ba, muka ɗora katanga. Ashe laka ce. Damina ta zo ta kumbura ta ɗaga ginin, rani ya zo ta tsuke ta sake shi. A shekara ta biyu tsaga ta fito daga kusurwar taga har ƙasa, hannu yana shiga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ni ruwa ne ya shiga, da kunama. Sai da na rushe wannan gefen na sake.

A kan laka, a haƙa tushe har a wuce inda tsagar rani take kaiwa. A shimfiɗa tsakuwa da yashi a gindin ramin, a jera duwatsu, a fito da su sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya da rabi kafin a fara tubali. Mu a nan dutse ba ya yi mana wuya. A kuma karkata daɓen gindin katanga don ruwa ya gudu waje. Indararo ya zama dogo, ya zubar da ruwa nesa, a sa masa faffaɗan dutse inda ruwan yake sauka.

A kan yashi, tushe ya yi fāɗi fiye da katanga. Yashi yana ɗaukar nauyi sosai in an jiƙa shi an daddaɓe, kuma ba ya kumbura. Abokin gabarsa ruwa mai gudu, wanda yake kwashe shi daga ƙarƙashin gini. Inda aka fi jin tsoro shi ne tsohon kududdufi ko juji da aka cike. Sama lafiya lau, ƙasa shara da leda. Irin wannan wuri yakan riƙa nutsewa a hankali har shekaru. Ka tambayi tsofaffin unguwa abin da yake wurin a da.

Ƙasa mai gishiri ko kanwa ita ce take cin gindin bango. Laima tana hawa cikin katanga da gishirin, ruwa ya bushe, gishiri ya tsaya, sai ka ga ƙasan bango ya yi fari yana zuba. Kada a buga tubali da irin wannan ƙasa in akwai wata. A Bilma, inda ake gini da ƙasar gishiri don ruwan sama ba ya cika sauka ba, ruwa mai yawa ya sauka a watan Agusta na 2006, gidaje masu yawa suka narke suka zube.

Akwai wata al'ada da ta shigo wadda ba na goyon bayanta: shafa siminti kai tsaye a kan katangar ƙasa. Da farko gwanin kyau. Amma siminti da ƙasa ba sa miƙewa tare ba sa tsukewa tare. Siminti ya tsage, ruwa ya shiga baya, ya rasa hanyar fita, ƙasa ta jiƙa a ɓoye. Mai gida yana ganin bango lafiya har ranar da zai faɗo gaba ɗaya. Yaɓen ƙasa da ake sabuntawa kafin damina ya fi aminci, don lalacewarsa a fili take.

Sai maganar inda ruwa yake bi. Ruwan saman Agadas kaɗan ne, a yawancin shekaru ba ya wuce milimita 150, kusan duka a Yuli da Agusta. Wannan ne yake yaudarar mutane. Ruwan da yake cin gari ba lalle ne a kanmu ya sauka ba. A kan duwatsu yake sauka, dutse ba ya sha, sai ya taru ya gangaro lokaci ɗaya. A farkon watan Satumba na 2009, cikin azumi, ruwa ya fasa shingen da aka yi wa ƙorama a arewacin gari, ya biyo Igazar Madaran ya shigo unguwanni. Dubban gidaje suka rushe, garake suka tafi, an yi hasarar rayuka da dabbobi. A daminar 2024 ma ruwa ya yi ɓarna a duk faɗin Nijar. Tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe a watan Satumba, gidajen ƙasa a tsohon garin Agadas su ma sun taɓu. Ƙasa tana faɗa maka in ruwa ya taɓa bi ta wurin. In ka haƙa ka tarar da farin yashi wankakke, da ƙananan duwatsu masu sulɓi a jere hawa hawa, to kana tsaye a tsohuwar hanyar ruwa. Ko shekara ashirin ya yi bai zo ba, zai dawo. Arhar fili a irin wannan wuri ba arha ba ce.

Kalma ɗaya ga ƴan'uwanmu na Arlit da Akokan da wuraren zinariya. Kada a ɗebi ƙasa ko duwatsun da aka zubar daga ma'adinai a yi gini ko cike tsakar gida. A shekarar 2009 masu awo sun sami irin waɗannan duwatsu masu tururin yuraniyom a titunan Akokan. Ƙasar da aka wanke zinariya da ita kuma tana ɗauke da guba. Ido ba ya gani, hanci ba ya ji.

SALGA DA RIJIYA

Wannan sashe shi ne ya fi muhimmanci, don ya shafi ran yaranmu.

Salga ba rami ba ce kawai da ake ɓoye ƙazanta. Ruwan da yake cikinta yana tsiyaya cikin ƙasa, ƙasa tana tace shi, ƙwayoyin cuta suna maƙalewa suna mutuwa a hanya. In ƙasa ta yi aikinta, ruwan ba zai kai rijiya da cuta ba. In ta kasa, abin da aka zubar a bayan gida shi ne zai dawo cikin randa. Daga nan sai zawo, da atuni, da zazzaɓin hanji, da shawara, da amai da gudawa. A shekarar 2021 amai da gudawa ta kama mutane fiye da 5,000 a Nijar.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba. A birnin Landan na ƙasar Ingila, a shekarar 1854, wannan cuta ta kashe mutane fiye da 600 a unguwa ɗaya cikin ƴan makonni. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana tambaya, ya gane cewa mamatan daga famfon rijiya ɗaya suke sha. Aka cire hannun famfon. Daga baya aka haƙa, aka tarar akwai ramin ƙazanta dab da rijiyar, tsakaninsu bai kai mita ɗaya ba. Ruwan kuwa garau yake, har mutane suna yabon daɗinsa.

Ƙa'ida biyu ce ma'aikatan tsabta suke koyarwa. Ta farko, tsakanin salga da rijiya kada ya gaza mita 30, wato taku 40 na babban mutum. Salga ta kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Ta biyu, tsakanin gindin ramin salga da ruwan ƙarƙashin ƙasa a bar mita ɗaya da rabi ko biyu, wato kamar gaba ɗaya. Yadda za ka san zurfin ruwa shi ne ka zura igiya a rijiyar da ta fi kusa. Amma ka auna a ƙarshen damina, bayan ƙorama ta yi gudu, lokacin da ruwa ya hau. Awon watan Mayu ƙarya zai yi maka.

To amma ƙasa tana sauya lissafi. Masu zama a gefen Telwa da sauran ƙoramu su saurara da kyau. Yashi mai gautsi da tsakuwa ba sa tace ruwa sosai, wucewa yake yi kamar ta rariya. Kuma a nan ne ruwa ya fi kusa, a nan ne rijiyoyi suka fi yawa. A irin wannan wuri taku 40 shi ne mafi ƙanƙanta, in akwai fili a ƙara. Ramin kada ya yi zurfi. A yi shi zagayayye kamar rijiya, don mai kusurwa huɗu ya fi saurin ruftawa. A gina cikinsa da dutse ko bulo daga ƙasa har sama. A sashen ƙasa a bar ƴan kafofi tsakanin bulo don ruwa ya fita. Kamu ɗaya na sama kuwa a toshe shi sarai, a ɗaga bakin sama da tsakar gida don ruwan sama kada ya shiga. Da ɗalibina ya yi haka, da tasa ba ta rufta ba.

A kan laka matsalar ta juya. Rami yana tsayawa, amma ba ya shan ruwa. Kuskuren ƙanen ɗalibin nan shi ne ya haɗa wurin wanka da salga, duk ruwan wankan gida da na wanki yana zuba ciki. A raba su. Ruwan wanka a yi masa nasa rami mai fāɗi marar zurfi, a cika shi da duwatsu da tsakuwa, ko a ja shi zuwa gindin itace nesa da katanga. Amma ko a laka a gina bakin ramin, don laka in ta jiƙa tana zamewa.

Inda dutse yake kusa, kamar ƙauyukan cikin duwatsu, kada a ce dutse ya tare komai. Dutse yana da tsaga, ruwa mai ƙazanta yana bin tsagar ya yi tafiya mai nisa ba tare da an tace shi ba. A nan gara a gina salga ta tashi sama, rabi a ƙasa rabi a waje, a yi mata matakala.

A cikin gari yanzu masu hali suna gina shadda ta siminti mai ɗaki biyu, wadda ake kora wa ruwa. Ƙazanta tana kwanciya a ɗaki na farko, ruwa ya tsallaka na biyu, daga nan ya fita zuwa ramin da zai tsotse shi. A sani cewa ruwan da ya fito daga shaddar nan ba mai tsabta ba ne, har yanzu ƙasa ce za ta ƙarasa aikin. Saboda haka kafin a kashe kuɗin siminti a gwada shan ruwan wurin. A haƙa ƙaramin rami, fāɗin taƙi ɗaya da rabi, a daidai zurfin da ruwan zai riƙa fita. A cika shi da ruwa, a yi ta ƙarawa, a bar shi ya kwana don ƙasa ta ƙoshi. Da safe a sake zuba ruwa, a kafa tsinke, a duba agogo. In ruwa ya sauka fāɗin yatsa biyu cikin minti 5 zuwa 30, ƙasar ta yi. In ya fi awa ɗaya bai sauka haka ba, wurin ba zai sha ba, sai a nemi shawarar ma'aikatan tsabta. In kuwa ya ɓace kafin ka ɗaga kai, ƙasar ta cika sakaci, sai a nisanta ƙwarai daga kowace rijiya.

Ga masu garka, akwai dabarar rami biyu. A yi amfani da ɗaya, in ya kusa cika a rufe shi da ƙasa a koma ɗayan. Bayan shekara biyu abin da yake cikin na farko ya zama baƙar ƙasa marar wari, ana iya kai ta gindin itatuwa. Ɗanyen kashin mutum kuwa kada ya kusanci fangalin salati ko tumatir.

GARKA

Masu garka na Abzin ba sa bukatar in koya musu sana'arsu. Albasar Tabelot, da dankalin Bagazam, da lemun Timiya, da tafarnuwa da alkama, sun kai kasuwannin da ni ban taɓa zuwa ba. Albasarmu tana fitowa a ƙarshen shekara, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, shi ya sa take da daraja. Abu biyu ko uku kawai zan taɓa.

Ƙasar gefen ƙorama, gaurayen yashi da lallausar ƙasa, ita ce albasa da dankali da karas suke so, don suna samun wurin kumbura. Aibinta ba ta riƙe ruwa da taki. A ba ta ruwa kaɗan kaɗan a kai a kai. Takin zamani kuma a raba shi sau biyu ko uku, in an zuba lokaci ɗaya ruwa zai wuce da shi ƙasa, ya tafi cikin rijiyar da ake sha. Abin da yake gyara ta shi ne takin dabbobi ruɓaɓɓe. Shi ne kuma yake gyara laka, ya sassauta ta iska ta shiga. Laka tana son ruwa mai yawa amma a jinkirta tsakani, kuma a yi kunya a ɗaga shuka. Alkama da dawa da ciyawar dabbobi sun fi jure mata. Kada a yi mata huɗa tana jiƙe sharkaf, za ta dunƙule ta bushe kamar tubali.

A da raƙumi ko sa ne yake jan ruwa da tekarkart, ruwan da ake fitarwa daidai ƙarfin dabba. Tun shekarun 1990 injin ban ruwa ya yaɗu, garake suka ƙaru, aljihu ya ji daɗi. Amma rijiyoyi suna ƙafewa da wuri a shekarar da ƙorama ba ta yi gudu sosai ba. Kuma yawan ban ruwa a ƙasa mai zafi yana tara gishiri. Kowane ruwan rijiya yana da ɗan gishiri a ciki. Rana ta shanye ruwa, gishiri ya zauna. Alamarsa farin ɓawo a kan kunya, bakin ganye yana ƙonewa, iri ya ƙi tsiro daidai. Albasa da wake da karas da lemu su ne suke fara nuna wahala. Dabino da sha'ir suna jurewa. In ka ga alamar, ka kankare farin ɓawon ka fitar da shi daga garka. Kafin shuka ka cika fangali da ruwa mai daɗi sau ɗaya ko biyu don ya tura gishirin ƙasa da saiwa. Wannan yana yiwuwa a ƙasa mai yashi. A laka mai kanwa abin da wuya, sai an yi wa ruwan hanyar fita. Ka rufe gindin shuka da kara ko busasshen ganye don rana ta rage sha. Kada kuma ka zuba toka a ƙasar da ta riga ta yi kanwa, ƙara mata ciwo za ka yi.

Ƙorama ita ce ta ba mu ƙasar garka, ita ce kuma take karɓewa. Wanda ya sare itatuwan bakin gaɓa don ya ƙara fangali uku, wata damina zai rasa goma. A bar goriba da sauran itatuwa a bakin ruwa. Inda gaɓa ta fara zubewa, masu garka su haɗu su jera duwatsu cikin ragar waya, don aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma wanda ya kare tasa shi kaɗai yakan tura ruwa ne kan ta maƙwabci.

Malaman azuzuwa, ga aikin wannan mako. Kowane ɗalibi ya zo da kwalba da ƙasar gidansa ko ta garkarsa, a yi gwajin a cikin aji, a jera kwalaben a bar su su kwana. Kowa ya rubuta sunan unguwarsa a takarda ya liƙa, ya rubuta kaurin yashi da na laka da lambobi. Sannan kowa ya koma gida ya ƙirga taku nawa ne tsakanin salgarsa da rijiya mafi kusa, ko tasa ce ko ta maƙwabci, ya kawo adadin a rubuce. Wanda nasa bai kai 40 ba, malami ya rubuta sunansa, in na zo rangadi za mu je mu duba wurin tare. Kafin nan a riƙa tafasa ruwan da yara za su sha.